Tsohuwar PS2 ta Gangara da Darasin da Sony Ta Biya da Tsada



A hutun da ya wuce na samu na leƙa gida Gangara, bayan an ce hanyar Sabon Birni ta ɗan lafa. Akwai wani yayanmu da ke da gidan gem a bakin kasuwa, inda muka taso muna buga ƙwallo a talabijin. Da na shiga sai na tarar ya naɗe PS4 ɗin da ya yi ta alfahari da ita a cikin zane ya ɗora kan kanta, ya fito da tsofaffin PS2 guda biyu ya jona. Na ce, "Yaya, lafiya? Duniya na gaba kai kana komawa baya?" Ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan boko, wagga sabuwa sai an tada janareta, yara kuwa hamsin-hamsin ag gare su. Tsohuwar da batirin sola take aiki, ita ka ciyad da gidana."

Maganar nan ta tsaya mini a rai har na dawo makaranta. Ra'ayina, wanda nake so mu tattauna musamman mu 'yan ajin ƙarshe, shi ne: na'urar da take cin kasuwa ita ce wadda ta san aljihun mai saye da irin wutar da yake da ita, ko da wata ta fi ta ƙarfi. Kamfanin Sony sai da ya yi asarar biliyoyi kafin ya yarda da wannan. Yayanmu bai yi difloma ba ya gane. Mu kuma da ake koya wa haɗa na'urori, yawancinmu har yanzu ba mu gane ba.

Bari in tuna mana yadda abin ya faru. A shekarar 2000 Sony ta fito da PlayStation 2, ta sayar da sama da miliyan 155, adadin da ya zame wa sauran kamfanoni abin kwatance. Nasarar ta hau mata kai. Da ta tashi fito da PlayStation 3 a watan Nuwamba 2006, sai ta cusa mata duk wata sabuwar fasaha da take da ita: sabuwar ƙwaƙwalwa mai suna Cell da na'urar karanta faifan Blu-ray. Ta sa mata kuɗi dala 499 ƙarama, dala 599 babba. Duk da wannan tsada, masu nazarin kasuwa sun ƙiyasta cewa kuɗin ƙera kowace ɗaya ya fi kuɗin sayar da ita da sama da dala 200. Wato a kan kowace PS3 da ta bar kanti, faɗuwa Sony take yi, da fatan za ta mayar daga cinikin wasanni.

A wannan watan dai Nintendo ta fito da Wii a kan dala 250. 'Yan gayun fasaha suka yi ta yi mata dariya, don kayan cikinta gyararren na tsohuwar GameCube ne, hotonta ma bai kai na PS3 kyau ba. Amma tana da arha, ba ta cin wuta, kuma hannunta irin wanda ake kaɗawa ne, tsohuwa da jikanta duk za su iya bugawa. Ita kuwa Microsoft ta riga su da shekara guda da Xbox 360, sai dai gaggawa ta ja mata: injinan suka riƙa mutuwa, zafi na cikin abin da aka ɗora wa laifi, har a watan Yuli 2007 kamfanin ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara da musanya.

Ana cikin wannan kokawa sai tattalin arzikin duniya ya karye. Bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe a watan Satumba 2008, mutane a Amurka da Turai suka ɗaure bakin aljihu. Kuɗin Japan, wato yen, ya yi tsada har dala ɗaya ta koma ƙasa da yen 90, don haka duk dalar da Sony ta samo a waje, in ta kai gida sai ta tarar ta ƙanƙance. A watan Disamba 2008, ƙarƙashin shugabanta Howard Stringer, Sony ta sanar da rage ma'aikata 16,000, rabi na dindindin rabi na wucin gadi, da rufe kusan kashi goma cikin ɗari na masana'antunta 57. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris 2009 ta yi asarar kusan yen biliyan 99, faɗuwarta ta farko cikin shekara 14. Ba PS3 kaɗai ta jawo ba, cinikin talabijin ma ya yi mata mugun rauni. Amma ku duba maƙwabciyarta: a daidai wannan shekarar ta yunwa, Nintendo ta ci ribar kusan yen biliyan 279. Ƙasa ɗaya, yen ɗaya, matsi ɗaya. Bambancin shi ne ɗaya ta yi kaya daidai aljihun jama'a.

Sony ba ta farfaɗo ba sai da ta sauke girman kai. A watan Satumba 2009 ta fito da PS3 siririya, mai ƙarancin cin wuta, a kan dala 299. Daga nan ciniki ya buɗe.

To me ya haɗa wannan da ɗan Gobir? Abin da ya sami mai saye a Amurka na shekara ɗaya ko biyu, mu a cikinsa muke kwana muke tashi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024. PS5 da ta fito a 2020 a kan dala 499, ku lissafa da kanku nawa ta kama kafin a sa kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa. Wutar NEPA kuwa a wajenmu sai dai labari. Ga kuma abin da ɗan birni ba ya sawa a lissafi: a watan Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga, har da Sabon Birni da Isa. Mutanenmu sai sun matsa bakin iyaka su kama layin Nijar kafin su gaisa da dangi. A irin wannan wuri, injin da kullum yake neman intanet don ya sabunta kansa da wasanninsa ya zama kayan ado.

PS2 ba ta neman ko ɗaya daga cikin waɗannan. Siririyar da aka fito da ita a 2004 tana da adaftarta a waje, wutar DC mai ƙarfin bolt 8.5 take sha. Duk wanda ya zauna ajin lantarki ya san ma'anar wannan: da batiri mai bolt 12 da ƙaramin abin rage wuta, za ta tashi ba tare da inbata ba, balle janareta. PS3 ta farko kuwa tana jan kusan wat 200 in ana wasa, PS5 ma wajen haka. Sannan ku ƙara da zafin watan Afrilu na Sakkwato, da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Injin da ya sha wuya a ɗakunan Turai masu sanyi, me zai yi a shagon kwano a Gangara? Sony ta daina ƙera PS2 tun farkon 2013, wasan ƙwallo na ƙarshe da Konami ta yi mata shi ne PES 2014, amma har gobe masu gyara a Kano da Legas suna canza mata ido, suna sa mata sababbin 'yan wasa da sababbin riguna, yara na buga Osimhen a injin da ya girme su. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga inda maganar ta dawo kanmu. Ku duba irin furojek ɗin da muke zaɓa a ajin ƙarshe. Wannan zai yi ƙofar da ake buɗewa ta intanet, wancan zai yi gidan da ake kunna fitilunsa da waya daga wani gari. An kwafo zanen daga YouTube, an yi odar kaya daga Legas da kuɗin da uba ya sayar da buhun gero ya turo, an yi difens, an ɗauki hoto, an jefa a sito. Wa zai saya a Isa? A wane gida za a kafa, da wace wuta, da wane layi? PS3 ta dala 599 muke ƙerawa, mu da ba mu da aljihun Sony da za mu jure faɗuwa.

A Nintendo an yi wani injiniya mai suna Gunpei Yokoi, wanda ya jagoranci ƙera Game Boy a 1989. Aƙidarsa ita ce a ɗauki fasahar da ta tsufa ta yi arha, a nemo mata sabon amfani. Game Boy ba ta da launi, abokan gasarta suna da shi, amma batirinta ya fi daɗewa kuma kuɗinta ya fi sauƙi, ta binne su duka. Wannan aƙida kamar don mu aka yi ta. Akwatin sola guda da zai ɗauki PS2 biyu da ƙananan talabijin biyu da cajin waya ashirin, a kuɗin da mai shago zai iya biya kaɗan-kaɗan, furojek ne da ke da mai saye tun kafin a gama shi. Haka gyaran hannun gem da ya saki, da farfaɗo da batirin da ya gaji, da fankar sanyaya inji a shagon kwano.

Na san abin da wasu za su ce. Na farko, ai PS3 daga baya ta sayar da kusan miliyan 87, ba ta yi nisa sosai da Wii mai miliyan 101 ba, kuma Nintendo da ta sake gwada sa'a da Wii U a 2012 ko miliyan 14 ba ta kai ba. Gaskiya ne. Arha kaɗai ba ta isa, dole kayan ya biya buƙatar da mutane suka gane. Amma ku lura PS3 ba ta tashi ba sai da kuɗinta ya sauko da rabi. Hujjar tawa ce ta ƙara ƙarfi.

Na biyu, za a ce ina so mu dawwama a kan tsofaffin kayan da Turawa suka zubar, mu zama 'yan gwangwan masu difloma. Wannan ta fi yi mini nauyi, don ni ma ba na so mu tsufa muna lallaɓa bolar wasu. Sai dai Sony ɗin kanta, da aka kafa ta a Tokyo bayan yaƙin duniya na biyu, da gyaran rediyo ta fara. Wanda ya buɗe inji ɗari ya ga inda suke mutuwa, shi ne zai iya zana wanda ba zai mutu a nan ba. Gyara makaranta ce, in mai yin sa yana tambayar kansa dalili.

Na uku, iyayenmu za su ce gidan gem wurin ɓata yara ne. Akwai gaskiya a ciki: akwai masu gudun makarantar allo su ɓuya can, akwai inda caca ke shiga, kuma yawancin wasannin kwafi ne ba na asali ba. Yayanmu yana kashe inji in an kira salla, kuma ba ya barin yaro da kayan makaranta ya zauna. Wanda bai yi haka ba a yi masa faɗa. Amma a yankin da matashi marar aiki yake da masu zawarcinsa a daji, ni ban raina wurin da ke tara samari a cikin gari, a idon manya, kuma yana ciyar da gida guda ba.

Akwai darasi na biyu da ya shafi burinmu na "babban kamfani". Ma'aikatan Sony 16,000 ba su suka sa wa PS3 farashi ba, ba su suka karya Lehman Brothers ba, amma su aka fara sallama. Abin bai tsaya a 2008 ba. A Janairu 2024 Microsoft ta sallami mutum 1,900 daga sashen wasanninta, wata uku kacal bayan ta sayi Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69. A Fabrairun 2024 Sony ta rage 900 daga sashen PlayStation, ta rufe ɗakin ƙirƙirarta na Landan. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ban ce kada mu nemi aiki ba. Cewa na yi takardar ɗaukar aiki wani ke riƙe da ita, abin da hannunka ya iya kuwa da shi kake tafiya, ko an kore ka, ko rashin tsaro ya tashe ka daga Gangara zuwa Maraɗi.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga ƙungiyar ɗalibai: a ware rana guda kowane zango ta gyara kyauta, jama'ar gari su kawo wayoyi da rediyo da fitilun sola da injinan gem, mu gyara a gaban malamanmu. Ga malamanmu, Allah ya ƙara musu haƙuri da mu: a wajen difens a riƙa tambayar ɗalibi nawa abin zai kama a kasuwa, wa zai saya, kuma in ya lalace a ƙauye wa zai gyara. Ga 'yan uwana masu shirin tafiya shekarar IT: kada mu raina benci a Farm Centre ta Kano ko Alaba ta Legas don muna jiran ofis mai AC inda za a riƙa aikenmu sayen abinci.

Ni dai na canza nawa furojek ɗin. Akwatin solar nan nake haɗawa, kuma na riga na sami mai gwadawa. Yayanmu ya ce in kawo, in ya riƙe mashi inji biyu daga azahar zuwa isha'i zai saya, in bai riƙe ba in kwashe tarkacena. Wannan jarrabawar ta fi ba ni tsoro a kan difens.

Allah ya ba mu sa'ar kammalawa, ya kawo mana zaman lafiya a gabashin Sakkwato da ƙasa baki ɗaya. Amin.