Ra'ayi: Wayar da ke aljihunka za ta iya ceton gwiwarka, in ka yi amfani da ita kafin a shiga fili

Masu bibiyar TikTok da YouTube ba sa rasa cin karo da bidiyon Turawa suna zamiya a kan dusar ƙanƙara, wani ya wuntsila a ɗauke shi a jirgi mai saukar ungulu. A Morai, Talata Mafara, Bakura da Maradun ba mu da dusar ƙanƙara, ƙura ce muke da ita. To amma raunin da ya fi addabar masu wannan wasa shi ne dai yake kwantar da samarinmu a filin ƙwallo: tsinkewar jijiyar tsakiyar gwiwa da likitoci ke kira ACL. Ra'ayina shi ne, darasin da suka koya ya fi mana amfani fiye da duk wata na'urar tausa ko ɗaurin gwiwa da ake tallata mana a intanet.

A 1937 wani ɗan asalin Norway mazaunin Amurka mai suna Hjalmar Hvam ya karya ƙafa a wasan zamiya. Daga nan ya ƙirƙiro maɗaurin da ke sakin takalmi daga jikin katakon zamiya idan mutum ya faɗi. Da aka yi ta inganta wannan fasaha, karayar ƙwauri ta ragu sosai, amma raunin gwiwa bai tafi ba. Sai a 1995 masu bincike a jihar Vermont ta Amurka suka wallafa sakamakon wata dabara: sun nuna wa ma'aikatan wuraren zamiya bidiyon yadda gwiwa ke tsinkewa, suka koya musu gane haɗarin kafin ya auku. Mummunan raunin ACL ya ragu da kashi 62 cikin 100 a tsakaninsu. Bidiyo ne ya yi wannan aiki, kuma yau kowannenmu yana yawo da abin kunna bidiyo a aljihu.

A ɓangaren ƙwallon ƙafa ma akwai irin wannan. Cibiyar binciken lafiya ta FIFA ta tsara atisayen ɗumama jiki mai suna FIFA 11+ a 2006. Minti 20 ne, motsi 15, ana so a yi aƙalla sau biyu a mako: gudu a hankali, ƙarfafa cinya ta gaba da ta baya, tsayuwa da ƙafa ɗaya, da koyon dira bayan tsalle. An gwada shi a nan gida Najeriya. Binciken da aka wallafa a 2014 kan ƙungiyoyin matasa a Legas ya gano raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100, na ƙafa kuwa da kashi 48. Bidiyon yana YouTube kyauta. Mutum ɗaya ya sauke shi, ya tura wa sauran ta Xender, ba sai kowa ya ƙona data ba.

Abu na biyu, kyamara. Yawancin wayoyin Tecno, Infinix da Samsung na yanzu suna da tsarin rage gudun bidiyo, za ka ga an rubuta Slow Motion. Ka sa abokinka ya tsaya a gabanka ya ɗauke ka kana dirowa daga kan benci. Idan gwiwoyinka suna karkata ciki kamar za su haɗu, ko kana dira da ƙafa a miƙe, to ga inda matsala take. Ka maimaita har gwiwa ta riƙa daidaita da yatsun ƙafa, tana lanƙwasa a hankali. Sau da yawa ACL tana tsinkewa ba tare da wani ya taɓa ɗan wasa ba, juyawa ce kawai ko dira mara kyau. Takalmi ma yana da hannu: mai dogayen haƙora na ciyawa ne, a busasshen filin rani mai gajeru da yawa ya fi dacewa.

Wani zai ce, ai rauni ƙaddara ne, kuma muna da maɗora. Gaskiya ne, maɗori yana kusa, kuɗinsa da sauƙi, ga kuma halin da hanyoyinmu ke ciki na rashin tsaro. Amma maɗori ba ya ganin cikin gwiwa. Hoton ƙashi ma ba ya nuna jijiya, sai MRI ko gwajin ƙwararren likita. Saboda haka idan ka ji ƙara a gwiwa, ta kumbura cikin 'yan awanni, ko tana gocewa in ka taka, kada ka ce targaɗe ne kawai. Haka idan ba ka iya yin taku 4, ko ƙashin idon sawu na zafi in an danna, a yi hoto. A fara da babban asibitin Talata Mafara, su tura ka FMC Gusau, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. In kuwa an riga an yi ɗori sai yatsu suka yi sanyi, suka mutu ko suka sauya launi, ɗaurin ya matse jini. A sassauta shi a nufi asibiti a take, jinkiri a nan kan kai ga yanke ƙafa.

A nan ma waya na da rana. Ka ɗauki hoton kumburin kullum da kwanan wata, likita zai ga yadda abin ke tafiya. Ka saita ƙararrawa don minti 15 zuwa 20 na ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma. Abin da waya ba za ta yi ba shi ne zama likita, kuma mai talla a Facebook da ya ce mansa na haɗa jijiya cikin mako guda, kuɗinka yake so. Shan tiramadol don a buga wasan ƙarshe kuwa rufe bakin ciwo ne, ɓarnar na ci gaba.

Jinya na buƙatar haƙuri. Victor Boniface ya tsinka ACL har sau biyu yana Bodø/Glimt a Norway, ya dawo ya ci kofin Bundesliga da Bayer Leverkusen a 2024. Ko da irin kulawar da ƙwararru ke samu, bayan tiyata akan kwashe kusan wata 9 kafin a koma wasa. Kai da za ka koma gona da damina ko ka hau babur neman na abinci, gwiwarka jarinka ce.

Don haka kyaftin, kafin wasan yammacin gobe, ka sauke bidiyon nan, ka tara yaranka minti 20 kafin a busa usur. Rigakafi ya fi magani, wannan kuwa ko sisi ba za ka biya ba.