Tarar da Ba Ta da Kunne

Ranar da 'yata ta cika kwana goma sha ɗaya a duniya aka ci ni tarar naira dubu ashirin. Kwana huɗu ke nan da suna, soyayyen naman rago bai ƙare ba a gidanmu na Tudun Wada, ni kuwa tun daren haihuwa ban haɗa barcin awa uku a jere ba. Da gari ya waye mahaifiyarta ta kai ta bakin taga, ta ce in dubi idanunta. Sun yi rawaya. Goggona da ke zaman jego ta ce shawara ce, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Na ari motar yayana na kai su asibiti. Likita ya duba, ya rubuta abubuwan da za a saya, aka ce ɗaya daga ciki sai a waje. Na fita na tsaya a gefen titi gaban wani kantin magani. Da na fito, ko minti goma ban yi ba, na tarar an kwance lambar motar, wani matashin jami'i yana riƙe da ita a hammata kamar allon karatu.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jaririya ce gare ni a asibiti, ga takardar likita." Bai ko kalli takardar ba. Ya ce, "Malam, kowa haka shika cewa. Iske mu ofis."

Ba zan wanke kaina tas ba. Titin yana da ƙunci, kuma motar ta ci wani sashe nasa. Gaskiya ne babu allo ko fenti da ke nuna an hana tsayawa, amma da hankalina yana jikina da na ƙara gaba kaɗan. Abin da na nema a lokacin ƙarami ne: wani ya karanta takardar da ke hannuna kafin ya yanke mini hukunci.

A daren nan, ina zaune a barandar asibiti sauro yana cina, na rubuta wasiƙar koke. Na sa kwanan wata da lokaci, na amsa abin da yake laifina, na bayyana uzurina, na haɗa da takardar likita da rasitin magani. Shekara huɗu na yi a jami'a ana koya mini cewa haka ake magana da hukuma. Da safe na isa ofishin na tambayi inda ake karɓar koke. Mutumin da ke kan tebur ya dube ni kamar wanda ya zo neman kifi a rijiya. Babu teburin koke, babu fam, babu wani babba da aka ware domin ya saurara. A hankali, daga bakin waɗanda ke zaune a benci, na gane cewa ƙofofi uku ne kawai a gidan: ko ka biya duka, ko ka ja wani gefe ku sasanta ba tare da rasit ba, ko ka kira wanda ya isa. Kusa da ni akwai wani ɗan kabu-kabu da babur ɗinsa ya kwana uku a tsare. Babur ɗin ba nasa ba ne, kuma kowace rana akwai kuɗin da mai shi yake jira. Kowa ya fito sai ya miƙe ya rusuna, a ce masa ya jira.

Ga abin da ya fi komai yi mini nauyin faɗa. Wajen azahar surukina ya ji labari, ya kira wani, wanin ya kira wani. Kafin a idar da salla an kawo mini lambar motar har inda nake zaune, ana murmushi ana cewa, "Ai da ka faɗi ko kai ɗan gidan wane ne." Na karɓa, na yi godiya, na fita. Wasiƙata tana aljihuna, ba wanda ya buɗe ta. Ɗan kabu-kabun ya bi ni da ido har ƙofa. Ban biya ko kwabo ba, amma ciwon 'yata bai taka wata rawa ba a cikin wannan sassauci. Da ƙarya nake yi, da haka za a sake ni. Da kuma ba ni da suruki mai lambar waya, gaskiyata ba za ta hana ni zama a bencin nan ba.

Wannan shi ne abin da nake ƙara a kansa. Duk hukumar da aka ba ikon cin tara amma ba a ɗora mata wajibcin sauraron koke ba, an ba ta baki an hana ta kunne. Tausayin da ya kamata ya zama haƙƙin kowane mai uzuri ba ya ɓacewa a irin wannan gida, sai dai ya koma haja. Wani ya saye shi da kuɗi a bayan ƙofa, wani ya same shi da sanayya, mu kuma mu raɗa masa suna mai daɗi, mu ce alfarma. Alfarma ita ce ke sa masu murya a cikinmu ba su taɓa jin zafin tsarin ba, balle su nemi a gyara shi. Malamin jami'a, ɗan jarida, lauya, babban ɗan kasuwa, kowa yana da wanda zai kira. Wanda ya rage a benci shi ne wanda ba zai iya rubuta wasiƙa ba, ba shi kuma da wanda zai karanta masa doka.

Abin takaici shi ne a Sakkwato ake wannan. Garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ya tashi ne a kan ƙorafi irin wannan. A littafin Kitabul Farƙ, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa ɗabi'un sarakunan zamaninsa da ya ƙi, a cikinsu akwai ɗora wa talakawa kuɗaɗen da shari'a ba ta san su ba, da mai da hukunci hanyar ƙwace dukiya, da gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a biya wa mutum buƙata. Ƙanensa Malam Abdullahi, a Liya'ul Hukkam da ya rubuta wa mutanen Kano, ya sanya duba zalunci da mayar da haƙƙi ga mai shi a cikin manyan ayyukan da mulki ba ya tsayuwa sai da su. Waɗannan malamai sun san cewa ma'aikacin hukuma mutum ne, yana kuskure, yana kuma iya son zuciya, shi ya sa suka ce dole a sami inda talaka zai kai ƙararsa. Muna karanta su a aji, muna kai baƙi Hubbare, sannan mu gina ofis mai teburin karɓar kuɗi babu teburin karɓar koke.

Dokar ƙasa ma ba ta goyi bayan wannan ba. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi da adalci, ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, ya kuma ce ba a kama mutum da laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a doka ba. A watan Oktoban 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarƙashin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta hana jami'an duba motoci na Babban Birnin Tarayya tsare motoci da cin direbobi tara, saboda babu dokar da ta ba su wannan iko. Hukuncin Abuja ya shafa, amma darasinsa ya iso har bakin titinmu: wanda ya kama ka, shi ya tuhume ka, shi ya yanke hukunci, shi kuma ya karɓi kuɗi, ya haɗa ayyukan da doka ta raba da gangan.

Na san abin da za a ce mini, domin ni ma na faɗa wa kaina. Za a ce idan aka buɗe ƙofar uzuri, kowane direba zai haifi jariri marar lafiya. To ai saboda maƙaryata ake buƙatar mai bincike. Jami'in da ke tsaye cikin ranar Afrilu ta Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, ba shi da lokacin tantance mai gaskiya, kuma ban zarge shi da rashin yarda da ni ba. Wanda ke zaune a inuwa da takardar likita mai hatimi da kwanan wata a gabansa yana da wannan lokaci. Za a ce in ban gamsu ba in tafi kotu. Wa zai ɗauki lauya a kan dubu ashirin, alhali motarsa ko babur ɗinsa na tsare? A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya zama naira dubu 70 a 2024, wannan tara ta haura rubu'in albashin wata, ta yi wa talaka nauyi, ta kuma yi wa shari'a kaɗan. Za a ce tituna sun cunkushe, duk wanda ya ratsa gefen Babbar Kasuwa da hantsi ya sani. Na yarda, kuma ina son a hukunta mai tare hanya. Amma tarar da direba ya san ana iya sasanta ta ko a kashe ta da waya ɗaya ba ta gyara halin kowa. Abin da take koya masa shi ne ya riƙe canji a aljihu da lambar wani babba.

Gyaran ba shi da tsada. A Ingila, takardar tarar ajiye mota tana zuwa da bayanin yadda za a ƙalubalance ta. Wanda ya biya cikin kwana 14 ana rage masa rabi, wanda kuma aka ƙi kokensa yana iya ɗaukaka ƙara kyauta zuwa ga mai yanke hukunci da ba ya ƙarƙashin hukumar da ta ci tarar. Ba sai mun kwaikwayi komai nasu ba. A kafa allo inda aka hana tsayawa, da Hausa da Turanci. A ba duk wanda aka ci tara takarda mai lamba, da sunan laifin, da sashen dokar, da adadin kuɗin, a kuma biya ta banki kaɗai. A bayan takardar a rubuta inda ake kai koke da wa'adin amsawa. A yarda da koken baki, domin ba kowa ne zai iya rubutu ba. A bar wa mutum abin neman abincinsa har a yanke hukunci. A ware wani wanda ba ya cin ko sisi daga kuɗin tara ya zauna ya saurara, ko da rana ɗaya ce a mako. Majalisar Dokokin Jiha tana iya yin wannan cikin shafi biyu.

'Yata ta warke, idanunta sun yi fari tas, yanzu har tana dariya idan na shigo. Wasiƙar tana nan cikin jakar takarduna, kusa da shaidar digirina. Ban san yadda ɗan kabu-kabun ya ƙare ba, domin ban koma na tambaya ba, kuma wannan ma laifina ne. Shi ya sa ƙarar tawa ta haɗa da ni da ire-irena, mu da muke fita ta ƙofar alfarma muna hamdala. Ranar da muka ƙi kiran kowa, muka zauna a bencin nan muka ce sai an karanta takardarmu, ranar za a fara neman inda za a ajiye teburin koke.