"Ai Wannan Ba Namu Ba Ne": Raddi Kan Maganar M.I Da Faifansa Na Farko



A zamanmu na ƙarshe matasa sun nemi a ba wani yaronmu mai waƙar rap minti goma a taron bayan Sallah. Aka ƙi. Ƙin bai dame ni ba, don shawara ta masu rinjaye ce, kuma ni na rubuta ta da hannuna. Hujjar ce ta tsaya mini a rai. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya tambaya wane ɗan Arewa ne ya taɓa zama wani abu da wannan haukan. Na ce masa, Baba, ga M.I nan. Sai aka amsa daga baya: "Ai wannan ba namu ba ne." Aka yi dariya, aka wuce batu na gaba. To ni ban wuce ba.

Jude Abaga, wato M.I, a Jos aka haife shi a 1981, asalin iyayensa Takum ta jihar Taraba. Ya yi karatu a Amurka, ya dawo gida. A watan Disamba na 2008 ya saki faifansa na farko, Talk About It, a ƙarƙashin kamfanin Chocolate City, wanda Audu Maikori, ɗan jihar Kaduna, yana cikin waɗanda suka kafa shi. Ku lura da lokacin. Makonni kaɗan ke nan da rikicin Jos na ƙarshen Nuwamba, lokacin da duk wanda ya ambaci sunan garin a nan Legas, gawa da hayaƙi ake tunawa. A daidai wannan lokaci ne wani gajeren yaro daga garin ya sa gidajen rediyon Legas suna kiran Jos da wata magana dabam.

Masu shekaruna za su tuna yadda kasuwar take. 'Yan Alaba ne ke buga faifai, yara na talla a cikin cunkoson motoci, kuma abin da kowa ya yarda da shi shi ne rap zalla ba ya sayuwa, sai waƙar rawa. Faifan nan ya ƙaryata wannan. Waƙar "Safe" da ya yi da Djinee ta shiga ko'ina, daga shagon aski har motar haya. A cikin faifan akwai ƙanensa Jesse Jagz da Ice Prince, su ma 'yan Jos, akwai kuma wani yaro da ba a san shi ba a lokacin, Wizkid. A 2009 faifan ya ci kyautar faifan rap mafi kyau a Hip Hop World Awards, wadda yanzu ake kira Headies. A shekarar kuma, a bikin MTV na Afirka da aka yi a Nairobi, M.I ya ɗauki kyauta biyu. A 2010 sunansa ya shiga takarar BET ta Amurka. Yarbawa da Inyamurai ne suka cika wuraren wasansa, su suka haddace baitocinsa. Mu da muka fito shiyya ɗaya da shi, yawancinmu ko sunansa ba mu riƙe ba.

Yanzu a gaya mini, me "ba namu ba" ke nufi? In ana nufin ba Bahaushe ba ne, gaskiya ne, kuma bai taɓa cewa shi Bahaushe ne ba. Amma tambayar da aka yi a zaman ɗan Arewa aka ce. Ranar da rigima ta tashi a kasuwa, wanda ya ɗauko sanda ba ya tambayar ko kai ɗan Takum ne ko ɗan Daura. Dukanmu "aboki" ne a bakinsa. Kullum muna kuka cewa an ɗauke mu masu gadi da 'yan ga-ruwa da masu yankan farce. Sai ga wanda ya zo ya doke mutanen Legas a fagensu, da Turancin da ake mana gori a kansa, mu kuma muka ce ba mu san shi ba. Idan za a ƙidaya ƙuri'a, Filato da Taraba Arewa ce. Idan ɗansu ya yi fice a abin da ba mu saba da shi ba, sai su koma baƙi. Wannan lissafi bai yi mini ba.

Hujja ta biyu ita ce rap iskanci ne. A nan zan ba dattawa rabonsu. Akwai batsa a waƙoƙin rap da yawa, akwai alfahari da kuɗi da mata, kuma faifan M.I ma bai kuɓuta daga alfaharin ba. Ba zan saka wa 'ya'yana kowace waƙa ba. Amma mu ne za mu yi mamakin mai saurin baki da habaici? 'Yan gambara fa? Abin da suke furtawa a tsakiyar kasuwa, wani ba ya maimaituwa a gaban suruki, kuma ba banza ba ake ce wa rap gambarar zamani. Daga wannan Jos ɗin Ɗanmaraya ya ɗauki kuntiginsa yana faɗa wa jama'a halinsu, muka ce hikima ce. M.I kuwa tun waƙarsa "Crowd Mentality", wadda ta fara fito da shi, abin da yake suka shi ne bin yarima a sha kiɗa. A faifansa na biyu a 2010 ya yi waƙa sukutum kan zubar da jinin Jos. Wanda bai saurara ba ya yanke hukunci, shi ne ya yi ainihin abin da waƙar farkon ke zargi.

Dubi abin da maƙwabtanmu suka yi bayan an buɗe ƙofar. Dagrin ya yi rap da Yarbanci kafin rasuwarsa a 2010. Olamide ya fito da Rapsodi a 2011, Phyno ya fito da No Guts No Glory a 2014 da harshen Ibo. Mutanensu suka saya, suka gayyace su biki, har harsunan nan biyu suka shiga bakin yaranmu na Agege da Idi-Araba. Ku saurari abin da ɗanku ke rerawa in yana wanka. Muna da masu yi da Hausa, irin su ClassiQ da Morell da DJ AB, amma yaron da aka haifa a nan, wanda Hausarsa ke tsinkewa kullum, in ya zo da baiti cikin harshen uwarsa sai mu kore shi daga taro.

Abin da nake nema kaɗan ne. A zama mai zuwa zan sake gabatar da buƙatar matasan, da sharaɗi ɗaya: yaron ya kawo baitocinsa a rubuce, dattawa uku su karanta, su soke abin da bai dace ba. In sun karanta sun ƙi, zan rubuta ƙin ba tare da gardama ba. Wanda ke da ja, ya zo zaman ya faɗa a gaban kowa.

Sakatare