A Duba Layin Da Ke Jikin Sandar Sirdi



Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo da darajarsa a unguwanninmu. Daga Nyanya zuwa Karu, daga Kubwa zuwa Dei-Dei, za ka ga magidanta da 'yan makaranta a kan keke, galibi na gwanjo. Madalla da wannan. Amma akwai abin da yake damuna: dogon mutum ya sayi ƙaramin keke saboda araha, sai ya zaro sandar sirdi har ƙarshenta don ƙafarsa ta miƙe.

Jama'a, a duba jikin sandar nan. Kusa da gindinta akwai layin da kamfani ya zana, an rubuta MIN ko MAX a gefensa. Wajibi ne layin ya ɓuya cikin firam. In kana ganinsa a waje, to ka wuce iyaka. In tsatsa ta cinye shi, a bar kamar santimita 10 a ciki, gindin sandar kuma ya sauka ƙasa da inda bututun sama ya haɗu da na sirdi.

Dalili kuwa, doguwar sanda mai gajeren gindi tamkar ƙarfen ɓalle kwaɗo take. Duk ramin da taya ta faɗa, nauyinka bakin firam yake banƙarawa, har wata rana ya tsage ko sandar ta karye. A kan titin Abuja zuwa Keffi, cikin motoci, wannan faɗuwar ba ta wasa ba ce.

A ganina, nauyin yana wuyan masu gyaran keke da iyaye. Mai gyara ya ƙi ɗaure sirdin da ya wuce layi, ko da mai keke zai yi fushi. Ya kawo masa doguwar sanda mai milimita 350 ko 400, wadda kaurinta ya dace da firam ɗin, 25.4 ne ko 27.2, ba a cike gibi da gwangwani ba. Uba kuma, in yaro ya girmi kekensa, a bar wa ƙaninsa.

Gwajin tsayi mai sauƙi ne: ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe. In sai ka wuce layi za ka samu haka, keken ya yi maka kaɗan. Araha dai ba ta ado.

Allah Ya kiyaye mu a kan hanya, amin.