Sanarwar Bayan Taron Malaman Bitar Maniyyata na Salaga, Yendi da Bawku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Mu malaman bitar maniyyata na zangunan Salaga, Yendi da Bawku mun yi zaman yini guda a Yendi ranar Asabar da ta gabata. Tun 2016 da aka fara kwasar alhazai kai tsaye daga filin jirgin saman Tamale, iyayenmu sun huta da doguwar tafiyar Accra, amma tambayarsu ɗaya ba ta sauya ba: Malam, wannan yaron da zai tashi da mu, wa ya tabbatar har yanzu ya iya? Amsarmu kullum ita ce a dogara ga Allah. Gaskiya ce, sai dai ba mu cika ta ba. Shi ya sa muka gayyato wani tsohon matuƙin jirgin sama, ɗan zango, ya yi mana bayani.

Taron ya fahimci cewa lasisin matuƙi ba rawani ba ne da ake naɗawa sau ɗaya. Sau biyu a shekara ake shigar da matuƙi wani ɗaki da aka ƙera tamkar kan jirgi, yana motsi yana girgiza. A nan mai jarrabawa zai kashe masa inji ɗaya daidai lokacin tashi, ko ya nuna masa gobara, ko ya rufe masa gari da hazo, ya zuba ido ya ga yadda zai yi. Wanda ya kasa ba ya ɗaukar fasinja sai ya koma horo, kome furfurarsa. Haka kuma dole ya zama ya tashi ya sauka sau 3 cikin kwana 90. Likita na duba shi kowace shekara, in ya kai 60 kowane wata 6, a 65 kuma ya ajiye jigilar ƙasa da ƙasa.

Inda muka fi daɗewa shi ne batun na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta. Baƙonmu ya ce taimako ce babba, amma tana sa hannu lalaci. Ya kawo misalin jirgin Air France da ya taso daga Rio zuwa Paris ya faɗa tekun Atlantika ranar 1 ga Yuni, 2009: ƙanƙara ta toshe bututun auna gudu, na'urar ta saki tuƙi, matuƙan suka rikice, mutum 228 suka rasu. Bayan haka aka ƙarfafa horon tuƙi da hannu. Wani dattijo daga Salaga ya ce ai ko zamanin fataken goro, jagaban da ya daɗe bai bi hanyar Gwanja ba ba a sa shi gaban ayari. Wani kuma ya tuna hatsarin jirgin alhazai na Kano a Janairun 1973, inda mutum 176 suka rasu, don kada mu raina tsoron tsofaffi.

Saboda haka taron ya amince a sa wannan bayani cikin bitar bana, bayan darasin ihrami. A faɗa wa maniyyata cewa in hazo ya hana tashi, ko aka ce sai matuƙa sun cika sa'o'in hutunsu, ko jirgi ya sauko kamar zai taɓa ƙasa ya sake yin sama, ƙa'idar aiki ce aka bi. Malami kada ya shiga sahun masu hayaniya a sansanin alhazai, kada kuma ya tura jita-jitar WhatsApp.

Muna roƙon hukumar alhazai, in an samu jinkiri, ta bayyana dalili da Hausa, Dagbanci, Gwanjanci da Kusasanci.

Wakilan Bawku sun ce su fargabarsu a hanyar mota take, kafin a kai Tamale, suka nemi a riƙa gwada direbobin da ke ɗaukar maniyyata kamar yadda ake gwada matuƙa. Ba a cimma matsaya ba, domin ba mu da hurumi a tasha. An wakilta mutum biyu daga kowane gari su gana da shugabannin direbobi, su kawo rahoto a zama na gaba a Salaga.

Sa hannu:
Shugaban taro
Sakatare