A Daina Ƙirga Waɗanda Aka Horar

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, aka sa DevOps cikin darussansa, bakin jami'ai bai huta da lissafin matasan da aka horar ba. DevOps sana'a ce ta ɗora manhaja a kan manyan kwamfutocin haya irin na Amazon, da kula da ita kada ta tsaya. Mai ɗaukar aiki a wannan fage ba ya duba hoton bikin yaye ɗalibai. Shaidar cin jarrabawa yake nema.

To, jarrabawar AWS ta matakin ƙwararru tambayoyi 75 ce cikin awa uku, kuɗinta dala 300. A canjin naira 1,500, wannan ya haura albashin wata shida na mai karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000. An ce ana iya rubuta ta a gida. Haka ne, amma mai sa ido yana kallonka ta kyamara, kuma idan intanet ya katse, jarrabawar na iya rushewa. A je a faɗa wa matashin Tsafe ko Bunguɗu haka, wanda bai manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin Zamfara.

Abin da ake bukata ba shi da yawa: ɗakin jarrabawa mai lasisi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, da sola da layin intanet biyu, sannan gwamnatin jiha ta biya wa duk wanda ya ci jarrabawar gwaji kuɗin ta gaske.