ZANCEN ZANGO: Sabon Hannu da Ginin Kwale-kwale

Labari ya game zango cewa waɗansu samarinmu na nan Guillotière sun ƙulla niyyar gina kwale-kwale da hannunsu, alhali babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa riƙe gizago. Waɗansu dattawa sun yi dariya, suna cewa ina ruwan ɗan zango da jirgi. Ni kuwa ina ganin abin mai yiwuwa ne, amma bisa sharaɗi, domin abin da za a ɗora rai a kansa ba a yi masa aikin wasa.

Da fari dai, jirgi ba baƙo ba ne a ƙasar kakanninmu. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani kwale-kwale a binne. Tsawonsa ya ɗara mita 8, masana kuwa suka auna shekarunsa suka ce ya kai wajen 8,000. Har yau ba a sami wanda ya girme shi ba a Afirka. Ga kuma Sarkawa na ƙasar Kabi da Yawuri, waɗanda ruwa ne gonarsu. Duk wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifi na Argungu ya san abin da nake faɗi.

Amma jirgi irin na Dufuna sassaƙa ne. A sami gungumen itace ɗaya, irin su maɗaci, a yi ta rarake shi da gatari da gizago har ya zama jirgi. Wannan aikin gwani ne, don sara ɗaya in ya zarce, itacen duka ya tashi a banza. Shi ya sa masassaƙi yakan yi shekaru a gaban ubangidansa kafin a bar masa gungume.

Irin wanda samarinmu ke nufi dabam ne, daga Kanada ya fito. Mutanen asali na can da ɓawon itace suke yin nasu. A ƙarshen ƙarni na 19 kafintocin garin Peterborough suka ɗauki siffar, suka riƙa yi da siraran katakai na wani itace mara nauyi mai ƙamshi da ake kira sedar. Daga baya aka sami gam mai ƙarfi, aikin ya sauƙaƙa, har wani magini mai suna Ted Moores ya fitar da littafinsa Canoecraft a 1983, wanda sababbin hannu da yawa suka koya daga cikinsa.

Ga yadda abin yake. Ana yanka katakon sirara-sirara, kaurin kowane milimita 6, faɗinsa wajen santimita 2. Jirgi mai tsawon mita 5 yakan ci guda 60 zuwa 70. Sai a kafa wani dogon benci mai ƙarfi, a jera allunan siffa a kansa, tsakanin kowane biyu wajen santimita 30, jirgin yana kife. A kan allunan nan ake lanƙwasa katakan ɗaya bayan ɗaya, ana shafa gam a gefensu, ana riƙe su da ƙananan ƙusoshi. In jiki ya rufu, a zare ƙusoshin, a goge da samfefa, sa'an nan a shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi, a jiƙa shi da ƙaron efoksi, waje da ciki. In ya bushe ƙyallen ba ya ganuwa, sai launin itace. Jirgin da aka gama nauyinsa bai fi kilo 25 ko 30 ba, mutum ɗaya na iya saɓa shi.

To, a nan ne sabon hannu ya sami sauƙi. In katako ɗaya ya karye ko ya kauce, a cire shi a sa wani, ba a yi hasarar kome ba sai ɗan lokaci. Amma akwai wuri ɗaya da ba ya karɓar gyara, watau bencin nan da allunan siffa. In suka karkace ko da kaɗan ne, kowane katako zai bi karkatar, ba kuwa za a gane ba sai ran da aka sa jirgin a ruwa ya riƙa janyewa gefe guda. Saboda haka, samari, ku ja zare daga goshi zuwa wutsiya, ku auna, ku sake aunawa. In mako biyu ya tafi a nan, bai tafi a banza ba, ko da masu leƙowa za su ce ba ku fara kome ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai abubuwa uku na zaman Liyon. Na ɗaya, wuri. Ɗakunanmu na nan unguwa ƙanana ne, aikin kuwa yana son fili mai tsawon mita 7. Ku auna ƙofa da matakala tun kafin ku fara, kada a gama jirgi a rasa ta inda zai fita. Na biyu, sanyi. Efoksi ba ya kamawa sosai a ɗaki mai sanyi, yana son ɗumi wajen digiri 20. Ku yi aikin katako da hunturu, ku bar shafe sai gari ya yi ɗumi. Na uku, lafiya. Ƙurar sedar tana jawo asma, efoksi kuma yana ɓata fata, don haka a rufe hanci, a sa safar hannu, a buɗe taga.

Ran da aka gama, kada zumuɗi ya kai ku ƙarƙashin gadar Guillotière. Kogin Ron yana da ƙarfin gudu da sanyi, ba wurin gwajin sabon jirgi ba ne. Ku tafi tafkin Miribel-Jonage inda ruwa ke kwance, ku tsaya kusa da gaɓa, kowa da rigar ceto a jikinsa, wanda ya iya iyo da wanda bai iya ba.

Ku kuma iyayenmu dattawa, roƙona gare ku shi ne a bar dariya a taimaka. Mai garejin da ba ya amfani da shi ya ba da aro. Kafintocinmu su riƙa leƙawa, musamman lokacin kafa benci, domin idon gwani na ganin karkatar da yaro ba ya gani. Yaron da ya koyi auna abu sau biyu kafin ya yanka, ya sami abin da zai amfane shi ko bai sake gina jirgi ba har abada.

Allah ya sa a gama lafiya, a shiga lafiya, a fito lafiya. Wassalam.